Kwalin Baba da Washar Tela

Jama'a, kafin komai, baiwar Allahn da ta rubuto min cewa "Auta, ke fa idonki ba ruwa," na gani, na kuma gode. Ki gyara zama, don abin da na aikata ranar Asabar ya dame na baya ya shanye.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni ce autar gidanmu. Babana bakaniken babur ne, garejinsa a manne yake da gidanmu, ni kuma ina zama a ɗan shagon da ke gefe, ina sayar da baƙin mai, fulogi, sarƙa da tarkacen noti. Yayyena mata biyu suna ɗakunansu, saura ni. Wannan "saura ni" ɗin shi ne aikin da Gwaggo, yayar Baba, ta ɗaukar wa kanta ba albashi. Kullum tana gidanmu, jaka a hammata, waya a hannu, tana tallata min wani mai kantin magani da ke bakin titi.

"Mota gare shi, Auta. Mota! Ba abin da za ki hau iska na ɗage miki mayafi ba."

Ni kuwa Mai Kyamis ɗin nan idan yana min hira, ji nake kamar yana karanta min 'yar takardar da ke cikin kwalin magani. Wanda nake so daban ne. Tela ne, dogo, mai tabarau, tef ɗin awo ba ya barin wuyansa, maganarsa a hankali kamar kada ya tashi wani daga barci. Baba ya ce shi ba ya zaɓar wa kowa miji, in kawo wanda nake so. Sai dai Gwaggo ta matsa masa har ya yi mata alkawari: idan Tela bai wuce kwali ba, zai zauna ya saurari Mai Kyamis.

To, bari in gaya muku mene ne kwali.

Baba ba ya aika kowa binciken mai neman 'yarsa. Idan saurayi ya zo gaishe shi, ya kafe babur a kan simintin ƙofar gida, sai Baba ya ɗauko wani fallen kwali ya tura ƙarƙashin injin yana murmushi, ya ce, "Don kada simintin ya ɓaci ne." A shiga falo a sha shayi, a taɓa hira. In an fito sallama, sai ya sunkuya ya jawo kwalinsa ya duba. Samari nawa ne na yayyena suka tafi daga nan ba su sake dawowa ba? Mu dai daga tagar kicin muke leƙe, ba ma jin abin da ake faɗa, amma mun yanke hukunci tun muna yara: duk wanda baburinsa ya ɗiga mai a kwalin Baba, tasa ta ƙare.

Baburin Tela kuwa, wayyo Allah. Gadonsa ya yi wurin kawunsa. Duk inda ya tsaya sai ya bar shaida. Da za a ce ya ɓata, da bin ɗigon mai kawai zan yi har inda yake.

Ranar da ya zo sayen mai na tsare shi.

"Wai wa yake maka juyen baƙin mai?"

"Ni da kaina. A bayan shago."

"Washar fa, kana canjawa?"

Ya gyara tabarau. "Ita ma canja ta ake yi?"

Na dafe kai. Na buɗe gwangwanin da muke zubawa na ɗauko guda ɗaya, sabuwa fil, tana ƙyalli. Ga wadda ba ta sani ba, washa wani ɗan zobe ne na jan ƙarfe da ake saƙalawa a notin da ke ƙasan injin, inda ake tsiyaye tsohon mai. Na ɗora masa a tafin hannu na yi masa karatu irin na 'yar bakanike.

"Ka ga wannan? Taushi gare ta. In ka ɗaure noti, sai ta lotse ta cike duk wata kafa, mai ba ya samun hanya. Amma sau ɗaya ake ɗaure ta. In ka kwance, ta gama aiki, yar da ita ake yi. Taka tun zamanin kawu ake matse ta, ta zama faranti."

Ya tsaya yana juya ta a hannu kamar na ba shi zinariya. Ya sa hannu a aljihu, na harare shi.

"Bar shi. Kyauta na ba ka. Ka dai tabbata ka yi juye kafin Asabar ɗin da za ka zo gaida Baba."

"Wannan ne abu na farko da kika taɓa ba ni, Mai Shago."

"To, Allah Ya sa ba shi ne na ƙarshe ba. Tafi, kana tare min masu saye."

Ranar Juma'a da yamma na tura masa saƙo.

"Ka yi juyen?"

"Na yi."

"Washa fa?"

Ina ganin alamar yana rubutu, yana gogewa. Can sai ga shi: "Rigar ta zauna miki kuwa? Na ɗan rage hannun, don na lura ba kya son yana shiga miki aiki."

'Yan uwana mata, ku riƙe wannan: duk namijin da kika yi wa tambaya ya amsa miki da kulawa, ki sake tambayarsa. Ni ban sake ba. Narkewa na yi. Don rigar da ya ɗinka min saboda Asabar ɗin ta zauna ɗas. Doguwa ce ruwan madara, ya bi wuyan da wani siririn aiki na zare ruwan zuma, maɓallai ƙanana har gwiwar hannu. Na tsaya gaban madubi ina juyi, na manta da wata washa a duniya.

Asabar tun da hantsi Gwaggo ta iso, ta ci ado kamar ita za a gani. Ta zauna a kujerar tsakar gida tana danna waya tana murmushin da ban yarda da shi ba. Umma na jera kofuna a tire, na ce mata cikina ciwo yake.

"Ba ciwo ba ne, tsoro ne," in ji ta. "Ki bar mahaifinki da kwalinsa, kada ki sa hannu."

"Ni? Me zan yi?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni na haife ki, Auta."

Bayan la'asar muka ji ƙarar baburin tun daga bakin layi, don ba shi da na biyu. Na ruga tagar kicin. Ga Tela cikin farin yadi, guga har tana yanka, yau ko tef ɗin babu. Ya kafe babur, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya tura kwalinsa ƙarƙashin injin, ya faɗi maganarsa ta siminti. Tela ya zare makulli.

Sai wani abu ya yi wal a rana.

Na ƙara matsawa jikin taga har goshina ya bugi ƙarfe. Washata ce. Tana lilo a jikin makullinsa, ya yi mata 'yar igiya da zare ruwan zuma, irin na wuyan rigata. Wallahi ban san lokacin da na ce "Na shiga uku" ba. Rabin zuciyata na cewa, Allah sarki bawan Allah. Ɗaya rabin na cewa in fita in shaƙe shi da tef ɗinsa.

Suka shiga falo. Na kai tire, na gaishe su kaina a ƙasa kamar mutuniyar kirki. Da na zo ajiye wa Tela kofi na zare masa ido, na kalli makullin da ke kan gwiwarsa. Shi kuwa sai ya sakar min murmushi, wai shi a dole na ga abin da ya yi na ji daɗi.

Na zagaya ta ƙofar shago na leƙa ƙarƙashin baburin. Ga tabon nan a kan kwali. Baƙi ƙirin, girman maɓallin riga, wani kuma na taruwa a bakin noti yana shirin faɗowa. Nan na ga Mai Kyamis a idona, yana karanta min sau nawa ake sha a rana har ƙarshen rayuwata.

Kun san ni. Ban iya zama in zuba ido ba.

Amma ban yi gaggawa ba, don na san aikina. Injin da zafi ya fi zuba, in ya huce sai mai ya yi kauri ya rage. Na koma shago na yanki sabon kwali daga katan ɗin fulogi, na tsaya ina sauraron falo. Sai da na ji Baba ya fara "To, madalla, mun gode da ziyara," sannan na lallaɓa. Na goge bakin notin tas da hankicina, na zare mai tabon, na tura sabon. Ko minti ɗaya ban yi ba. Har na fara yaba wa kaina.

"Ke kuma me kike yi a nan?"

Gwaggo! Ta fito amsa waya. Kafin ta ƙaraso na ninke mai tabon gida biyu na cusa shi da hankicin a hammata, na ja mayafi na rufe.

"Iska nake sha, Gwaggo."

"A gindin babur? Wuce mu tsaya nan, yau idona zai gane min. Ba labari za a ba ni ba."

Ta riƙe min gefen mayafi. Ga su Baba sun fito. Ba hanyar gudu, ba wurin yarwa. Na tsaya ƙiƙam hannuna a manne da jiki kamar mai ciwon kafaɗa. Umma ma ta leƙo ta bakin ƙofa.

Baba ya sunkuya da ƙyar, ya jawo kwalin. Ya duba gaba, ya duba baya. Fes. Gwaggo ta karɓa ta ɗaga shi sama tana hasko shi da rana, fuskarta ta yi kamar ta sha tsami.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Malam Tela, ashe tsohon nan naka lafiyarsa ƙalau. Ko ɗigo babu."

Na saki ajiyar zuciya. A raina na ce, yi shiru, ka ce alhamdulillahi, ka hau ka tafi. Abin da ya rage maka ke nan a duniya.

Tela ya gyara tabarau. Ya kalli kwalin. Ya kalli ƙasa.

"Baba, a gafarce ni. Wannan ba shi ne kwalin ba."

Jama'a, na mutu a tsaye.

"Kamar yaya?" in ji Baba.

"Wanda aka sa ɗazu gefensa a yage yake, wannan kuma da almakashi aka yanke shi, yankan ma a karkace. Kuma gaskiya baburina yana ɗiga. Kullum sai na zuba ƙasa a ƙofar shagona. Ba zan so a yabe ni da abin da ba haka yake ba."

Yankan ma a karkace! Ina ƙoƙarin ceto shi, shi yana duba min yanka.

Gwaggo ta tafa hannu. "Ka ji ko! Da bakinsa ya faɗa. Yana ɗiga! Shi ke nan, magana ta ƙare."

Baba bai kula ta ba. Ya miƙa hannu. "Ba ni makullin nan." Ya ɗaga shi, washar na lilo. "Wannan daga gwangwanina ta fito. Kana da sabuwa a hannu, ka mayar da tsohuwa?"

Tela ya sunkuyar da kai. "Na zo sakawa, Baba. Na riga na kwance notin. Sai na tuna an ce min in an ɗaure ta lotsewa take, in an kwance kuma a yar. Ita ce abu na farko da aka taɓa ba ni daga gidan nan. Sai na kasa."

Umma ta sa mayafi ta toshe baki. Ni kuma idona ya cika da ƙwalla, na haushi da na wani abin daban, ban san wanne ya fi yawa ba.

Baba ya juya wurin Gwaggo.

"Yaya, mazajen 'ya'yana biyu, duk sun ɗiga a kwalin nan. Na babbar ma tafki ya yi."

"Me?" Ni da Gwaggo muka haɗa baki.

"Tsohon babur da ba ya ɗiga ko kaɗan ai sai wanda ba mai a cikinsa. Ni ba tabon nake kallo ba, bakin mutum nake jira. Wani na nuna masa ya ce dama haka kwalin yake. Wani ya ce bakanikensa ne ɗan iska. Wani kafin in sunkuya ya taka wurin da takalmi yana min hira. Waɗannan su na sallama." Ya nuna Tela da makullin. "Amma tunda nake, ban taɓa ganin wanda aka wanke shi tas ya ce a'a, a dawo masa da dattinsa ba."

Na dubi Umma. Ta ɗaga min gira, irin na ai na gaya miki. Shekara da shekaru tana kallonmu muna leƙe a taga, ba ta taɓa cewa uffan ba!

"Saura kuma," in ji Baba, "mu san ƙafar da kwalina ya yi ya tafi. Auta."

"Na'am, Baba."

"Me ya sami hannunki?"

"Sanyi ne ya kama min kafaɗa."

"Allah Ya sawwaƙe. Ɗaga shi mu gani."

Na kalli sama, na kalli ƙasa, ba ta tsage ba. Na ɗaga. Kwalin ya faɗo tim, ya buɗe a gaban kowa, hankicin ya biyo shi. Mayafina ya zame. Ashe a garin sauri ta wajen tabon na naɗe shi. Tun daga hammata har ƙugu, rigata ruwan madara ta sha baƙin mai.

"Wayyo, rigar!" in ji Tela. Ba ni ba, rigar.

Baba ya yi ta dariya har da riƙe bango. Da ya sarara ya share ido ya ce, "Malam Tela, kai kam na gama da kai, ka turo manyanka duk ranar da ka shirya. Sai dai yanzu tausayinka nake ji. Ka ga dai abin da za ka ɗauka da idonka. Wadda ta musanya wa ubanta kwali da rana tsaka, kai me za ta musanya maka? Ka je ka yi tunani, ba zan ga laifinka ba."

"Baba!"

"In ya fasa ma ba asara," in ji Gwaggo, ta juya kamar ba ita ba. "Yaro mai gaskiya haka? Ai ina da 'ya a gida."

Kun ji mata! Matar da ɗazu take cewa iska za ta ɗage min mayafi.

Nan fa dariya ta ɗauke min. Na saci kallon Tela. Kansa a ƙasa, yana murza yatsu. Sai a lokacin tsoro na gaske ya kama ni. Mutumin da ya ƙi karɓar yabon ƙarya daga bakin Baba, me zai yi da mace irina? Wallahi ina son bawan Allahn nan, ban taɓa sanin yawan son ba sai da na ga ya yi shiru.

Baba ya shiga gareji ya fito da sifana da roba, ya dire a gabana.

"Tunda kin iya shiga ƙarƙashin babur, shiga ki gyara na gaske. Ba zai bar ƙofar gidana yana zuba ba."

"Bari in canja kaya."

"A haka. Ai ta riga ta ɓaci."

Na durƙusa a kan siminti da rigar kwalliyata, maƙwabta har sun fara leƙowa. Na kwance noti, mai ya tsiyaye a roba. Na ciro tsohuwar washar, ta baje kamar an taka ta da mota. Na ɗaga wa Tela ita ya gani. Na miƙa hannu baya, ina jiran Baba ya ba ni wata daga gwangwani.

Sai na ji wani ya durƙusa kusa da ni, farin yadi a kan simintin da ya sha mai. Ya sa haƙori ya tsinke zaren nan ruwan zuma. Ya ɗora min washar a tafin hannu, da ɗuminta.

Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Yankan kwalinki a karkace yake, Mai Shago. Amma ba wanda ya taɓa ɓata riga saboda ni."

"Ka san in na ɗaure ta lotse," na ce.

"Na sani. Ke kika koya min."

Na saƙala ta, na kama noti da yatsa har ya zauna, na sa sifana na ja. Na ji lokacin da ta ba da kai.

"Ya isa, kada ki kashe zaren notin," in ji Baba. Ya mayar da man da kansa, ya tayar da injin ya bar shi ya yi zafi, ya kashe. Ya ɗauki kwalina mai karkataccen yanka ya tura ƙasa. Muka yi cirko-cirko muna kallo, har Gwaggo. Ba abin da ya faɗo.

Baba ya miƙe yana goge hannu. "To, Malam Tela, tunanin fa? Ko sai ka je gida?"

Tela ya karkaɗe gwiwarsa, wandon ya riga ya tashi daga aiki.

"Ai ta riga ta ɗaure, Baba. Sau ɗaya ake yi."

Umma ta juya ciki da sauri tana share ido. Ni ina nan durƙushe, sifana a hannu, mai har a kumatu, bakina ya ƙi rufuwa.

Sai ga hon ɗin mota daga bakin layi. Wayar Gwaggo ta hau ruri. Ta dube ta, ta dube mu, ta fara gyaran mayafin da ba abin da ya same shi.

"Dama... Mai Kyamis ne, na ce masa ya jira a kusa. Wai da kawunansa ya zo."

Baba ya leƙa layin, ya shafa gemu, ya juyo gare ni idonsa na ƙyalli irin nawa in na shirya tsiya.

"Auta, kwalin firij ɗin nan na bayan gareji, yana nan kuwa?"